Agali Maƙerin Fari da Abin Wuyan da Aka Tsinta a Burtali

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da hantsi ne, ina kan keken ɗinki ina haɗa wuyan wata riga, wayata ta yi ƙara. A'i ce daga Shagari, 'yar maƙwabcina na kasuwa, Agali maƙerin fari. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba. Ta ce, "Baba Tela, Baba ya cika. Yanzunga, bayan ya sha kunu. In an yi azahar za a kai shi." Na ɗauke ƙafata daga kan keken na ce mata, "Ke kin gani da idonki, ko hwaɗa miki anka yi?" Sai da maganar ta fita na ji ba tawa ba ce. Tambayar mahaifinta ce, wadda na shafe fiye da shekara talatin ina jin ta daga rumfar da ke jikin tawa a kasuwar Boɗinga. A'i ma ta gane ta. Ta yi wata 'yar dariya da ta ƙare da kuka, ta ce, "A hannuna, Baba Tela."

Na rufe rumfa na shiga motar Shagari. Direban ya san ni, ya tambaye ni ina zuwa da rana haka, na ce masa Agali ne Allah ya yi wa rasuwa. Ya yi salati, ya yi masa addu'a. Sai wani da ke bayana, wanda ban sani ba, ya karkato wajen na kusa da shi ya rage murya ya ce, "Wane Agali? Ba Buzun nan ba da anka ce shina tare da mutanen daji?" Ban juya ba. Mota ba wurin wannan magana ba ce, kuma gawar abokina ba ta ko shiga ƙasa ba. Amma tun a kan hanyar nan na ƙudura cewa zan rubuta abin da na gani da idona, don wanda zai yi masa addu'a ya san wanda yake yi wa, wanda kuma zai ci gaba da rage murya ya san abin da yake ɗauka.

Agali mutumin ƙasar Azbin ne. Ya sauko nan a shekarun farin da ya cinye dabbobin mutanen da gidansu ke yi wa ƙira tun kakanni. Ya iso Boɗinga da matarsa Tamu, da zugazugin fatar akuya, da 'yar maƙera da ba ta fi tafin hannu biyu ba. Hausarsa a lokacin tana ɗingishi, daga baya ta miƙe ta zama irin tamu ta Sakkwato, sai ɗan nauyin harshe da bai taɓa rabuwa da shi ba. Bai taɓa sauke amawali daga bakinsa a gaban mutane ba. Ko shayi zai sha, ta ƙarƙashin rawanin yake shigar da ɗan kofin. Tun daga nan aka fara magana. Mutanenmu suna cewa yaya za ka yarda da wanda ba ka taɓa ganin bakinsa ba. Shi kuwa da na faɗa masa, sai ya ce, "Ku da nike ganin bakinku kullum, na yarda da ku?"

Gaskiya ya faɗa, bai yarda da mu ba, kuma ba zan ɓoye wannan don ya rasu ba. Agali mutum ne mai tsananin tuhuma. Ko wace mace ta kawo masa tsohon awarwaro ta rantse azurfar kakarta ce, sai ya goga shi a baƙin dutsensa, ya duba, ya sake gogawa. In aka ce masa an ga jinjirin wata, sai ya tambayi sunan wanda ya gani. In mai albasa daga Danchadi ya ce masa buhun nan sama da ƙasa ɗaya ne, sai ya sa a zazzage. In labari ya shigo kasuwa da zafinsa, kowa yana ɗauka yana kai wa na gaba, a rumfar Agali yake mutuwa, domin tambaya ɗaya yake yi: ka gani, ko an faɗa maka? Mutane da yawa sun ji haushinsa a kan haka. Ni kaina mun sha yin kwanaki muna 'yar gaisuwa kawai.

Amma mutumin nan ne, ranar da ruwa da iska suka yaye rufin rumfata ina gida ina jinya, ya janyo kekena da kayan mutane ya shigar tasa, shi ya zauna a bakin rumfar feshi yana dukansa har ruwan ya ɗauke. Shi ne da wani ɗan ƙarfe ya karye a cikin keken, aka neme shi har Sakkwato aka rasa, ya karɓi guntayen ya juya su a tafinsa, ya ƙera mini wani, wanda har yau shi ke ciki. Kuma shi ne wata tsohuwa ta kawo wa 'yan kunnen da ta saya wa jikarta a wani wuri, ya gane dalma ce aka shafa wa fari, bai faɗa mata a gaban jama'a ba. Ya jira har layin ya watse, sannan ya faɗa mata a hankali, ya kuma kwatanta mata yadda za ta mayar ba tare da rigima ba. Tuhumarsa ba ta ƙeta ba ce. Yana tsoron a cuce shi, yana kuma tsoron a cuci wani ta hannunsa.

Yawancin aikinsa zobe ne da awarwaro da gyaran abin da ya karye. Amma aikin da zuciyarsa take a kai shi ne abin wuyan mutanensu, wanda yake kira tanagilt. Wanda bai taɓa gani ba, azurfa ce shimfiɗaɗɗiya, da zobe a sama inda igiya ke shiga, da hannu biyu dama da hagu, da ƙafa a ƙasa, an yi mata zane siriri a fuska. Na sha ajiye ɗinki in tsaya kallon yadda yake yin ta. Da kakin zuma yake fara siffanta ta, ya lulluɓe da yumɓu, ya bar ɗan baki. In ya bushe ya sa a wuta, kakin ya narke ya zube, ya bar gurbinsa. Sai ya narka azurfa ya zuba a gurbin. In ta huce sai ya fasa yumɓun, domin babu wata hanyar fito da ita. Daga nan sai magagari da zane, wani lokaci kwana da kwanaki. Ya ce mini sunan ma daga zubin nan ya samo asali a harshensu. Ya nuna mini bambancin ta Agadas da ta Tawa da ta Ingal da ta Iferwan, kowace da yanayin hannuwanta. Da na ce masa ashe kowane gari da tasa tun fil azal, sai ya girgiza kai ya ce wasu tsofaffi ne, ya gan su a wuyan kakanninsa, wasu kuwa yana zargin maƙeran birni ne suka ƙaro su da baƙi suka fara saye.

A kan ma'anarta kuwa, nan ne halinsa ya fi fitowa. Baƙi kan zo daga Sakkwato, wasu ɗalibai, wasu masu sayen kayan gargajiya, kowa da abin da ya ji. Wani ya ce hannuwan huɗu kusurwoyin duniya ne, uba ke ba ɗansa in zai shiga uwa duniya, domin bai san inda ajali zai same shi ba. Wani ya ce taurarin da ayari ke bi ne a hamada. Wani ya ce siffar gaban sirdin raƙumi ce. Wani ya ce zoben rijiya ce, zanen kuma sawun dabbobi masu zuwa shan ruwa. Wani ya ce maganin baki ce. Agali yakan saurara har ƙarshe, yana zuga wutarsa, sannan ya ce, "Ƙila. Ni dai ubana bai ba ni ba. Abin da na gani, mata ka sa ta. Kakata ta sa, uwata ta sa. Da fari ya zo, ita anka cire anka ba mai hatsi, muka rayu. Wanga na gani. Sauran hwaɗa mini anka yi."

Wannan taurin kai ya kusa jawo masa tashi daga kasuwa tun shekarun baya. Wasu samari masu zafin wa'azi suka lura da siffar, suka ce gicciye ne, Buzu yana rataya wa matan Musulmi alamar Nasara a wuya. Magana ta bazu har aka fara cewa turo shi aka yi. Na same shi na ce, "Agali, ka hwaɗa musu labarin uban nan da ɗanai da kusurwa huɗu. Labari na mai daɗi, kowa zai karɓa, a huta." Ya dube ni ta saman rawani ya ce, "Wanda na hwara jin labarin ga a bakinai, a ƙohwar masaukin baƙi shike saida kaya a Agadas. Ban san ko gadonai ya yi ko cikinai ya koya mai ba. In hwaɗi abin da ban tabbata ba don in tsira, gobe wa zai yarda da ni in na ce wagga azurhwa ta?"

Limaminmu na lokacin, Malam Usmanu, Allah ya jiƙansa, bai aika a kira shi ba. Da ƙafarsa ya zo rumfar, ya zauna a kan tabarma, ya karɓi tanagilt ɗaya ya juya ta. Ya ce, "Agali, mutane na magana. Mi ne asalin abin ga?" Agali ya durƙusa ya ce, "Allah shi gafarta Malam, ban sani ba. Nasaran Faransa sunka sa mata sunan gicciye, mu ba haka muke ce mata ba. Ko can da can wani ya ɗauko siffar daga wurinsu, ko daga wani wuri, ban gani ba, ba ni rantsuwa. Na dai san wadda ta rene ni da ita a wuya ta yi salla har ta mutu." Malam ya ce shi ma bai sani ba, kuma ba zai yanke wa mutum hukunci da siffa ba alhali yana ganinsa a bayansa a sahun farko kullum. Ya ce ado ne na mata, kada dai wani ya ɗauka tana tsare shi daga abin da Allah ya ƙaddara. Maganar ta kwanta, ko da yake akwai gidajen da ba su sake sayen komai a hannunsa ba.

Babbar jarrabawar sai a ƙarshen rayuwarsa ta zo, a daminar bara waccan, bayan Tamu ta riga shi gidan gaskiya. Ɓarayin shanu suka afka wa wani ƙauye a ƙasar Shagari, suka kora shanun huɗa, suka harbe wani magidanci da ya fito. Waɗanda suka bi sawu ba su cim musu ba, amma a kan burtali, inda ɓarayin suka tsallaka rafi, suka tsinci tanagilt da guntuwar igiya. A duk yankin nan mutum ɗaya ke yin irinta.

Ranar kasuwa mutanen ƙauyen suka zo, rana tsaka. Sun kai goma sha wani abu, a kan babura, da sanduna da bindigogin toka, ƙanen mamacin a gaba. Idonsa kaɗai ya isa ya faɗa maka bai yi barci ba tun ranar. Sarkin kasuwa, dattijo ne mai hankali, ya tare su ya ce duk abin da za a yi a yi a zaune a rumfarsa. Aka kira Agali, na bi shi. Kafin a zauna kasuwa ta tashi ta kewaye mu.

Aka miƙa masa abin. Ya daɗe yana dubawa, ya juya bayansa, ya kai shi kusa da ido. Ina tsaye ina roƙon Allah a zuci ya ce ba nasa ba ne. Da ya faɗi haka babu mai iya ƙaryata shi, domin irin waɗannan suna shigowa daga arewa lokaci lokaci. Sai ya ɗago ya ce, "Aikina na."

Wuri ya ɗauki guna-guni. Ƙanen mamacin ya ce, "Wa ka yi wa?"

"Na san wanda na yi wa."

"To hwaɗi."

Agali ya dubi wajen da suka jingine baburansu, ya ce, "Ɗana, galan ɗin can guda biyu da ke ɗaure bayan babur, ruwa na ko mai?"

Ni ban ma lura da galan ɗin ba sai da ya faɗa.

Ya ce, "In na hwaɗi suna, kahin la'asar akwai gidan da ba shi nan. Ni na san wanda na yi wa. Ban san wanda ya yar da ita kan burtali ba. Ku ma ba ku sani ba. In hukuma ta tambaye ni cikin ɗaki ina hwaɗa mata. Nan ba ni hwaɗi."

Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce dama an daɗe ana faɗa, Buzu da mutanen daji bakinsu ɗaya, shi ke ƙera musu laya, shi ke gaya musu gidan da ke da shanu. Wani ya wurgo dutse ya same shi a kafaɗa. Da ba don sarkin kasuwa ya miƙe ya tsaya a gabansa ba, ya kuma sa an kira jami'an tsaro tun kafin a zauna, da wannan rubutun tun a lokacin zan yi shi. Aka tafi da shi. Ya yi 'yan kwanaki a hannunsu, abin da ya faɗa musu a ciki ba mu ji ba. Daga baya aka sake shi, ni da sarkin kasuwa muka tsaya masa.

Sakin bai wanke shi a idon gari ba, ya ma ƙara. Aka ce ai masu gidansa na daji ne suka fito da shi. Mata suka daina kawo gyara. Mutanen da suka shekara suna shan shayinsa suka koma bi ta bayan layi don kada su gaisa. Ana jifan rufin ɗakinsa. A masallaci ya lura wanda ke gefensa yana barin tazara tsakanin kafaɗunsu, sai ya bar sahun farko da kansa ya koma na ƙarshe. Ni ma masu kawo ɗinki suna tambayata, cikin wasa da ba wasa ba, me nake samu a wurin Buzu. Mijin A'i ya zo har sau biyu ya roƙe shi ya koma Shagari wurinsu, ya ƙi. Ya ce in ya tashi yanzu, tashin zai zama shaida. Kullum yana buɗe rumfa, ya hura wuta, ya zauna, ba mai zuwa.

Wata rana da muka rage mu biyu na ce masa, "Agali, ni ma ba ka hwaɗa mini?" Ya ce, "Kai ma." Na ce, "Bayan shekarun ga duka?" Ya ce, "Tela, kai na yarda da kai gwargwadon yadda nike iya yarda da mutum. Amma kana da mata, matarka na da ƙanne, ƙannenta na zuwa rijiya." Na ji zafin maganar a ranar. Na tashi na koma kan kekena. Can sai ga hannunsa ya zuro ta tsakanin zana da kofin shayi, na karɓa.

Haka aka tafi har aka yi girbi. Sai wata ranar kasuwa ga wata tsohuwar Bafillatana mai tallar nono, Inna Dije, wadda muka daɗe ba mu gani ba, ta shigo, 'yarta tana biye da ita. Ba ta sauke ƙwaryarta a inda ta saba ba, sai a gaban rumfar sarkin kasuwa. Ta ce a tara mata mutane, a kira maƙeri. Da aka taru, ta sa hannu a cikin rigarta ta fito da tanagilt irin waccan sak, zane ɗaya, ta ce Agali ya yi musu guda biyu lokacin auren 'yarta, ɗaya tata ɗaya ta amarya. Ta ce kafin a taɓa ƙauyen can, ɓarayin nan rugarsu suka fara shiga. Suka kwashe shanu, suka fizge abin da ke wuyan mata. Ta janyo 'yar ta ɗaga mayafinta, kowa ya ga tabon da igiya ta yanka a gefen wuya. Ta ce ba su kai ƙara ba domin sun san amsar da za a ba su, a ce ai 'yan'uwanku ne. Suka tattara abin da ya rage suka yi nisa. Labarin Agali bai iske su da wuri ba, da ya iske su kuma mazan rugar suka hana ta zuwa, suka ce kai kansu za ta yi. Ta ce, "Na bari sun tahi kiwo na hito. Tsoho na cin duka saboda mu, ni ina zaune ina burka nono?"

Da ta gama, Agali ya ce, "Dije, da kin zauna. Ban aika miki ba."

Bayan kwana biyu ƙanen mamacin ya zo shi kaɗai, ba sanda. Ya daɗe a tsaye a bakin rumfa kafin ya durƙusa ya ce, "Baba, ka yahe mini." Agali ya ce, "Ɗan'uwanka anka kashe. Zamna." Ya zuba masa shayi, ya tambaye shi marayun da aka bari nawa ne da wanda ke yi musu noma. Wasu ma sun dawo, mata suka sake kawo gyara sannu a hankali. Amma ba zan ce gari ya wanke shi duka ba, domin ba haka aka yi ba. Akwai waɗanda suka ce wa ya sani ko shirya tsohuwar aka yi, ko tabon na wani abu ne daban. Na kawo masa wannan magana raina a ɓace, sai ya ce, "Ƙyale su. Da ni na a wurinsu, ni ma sai na tambaya." Sahun farko kuwa bai sake komawa ba.

Daga wannan shekarar jikinsa bai koma daidai ba. Ido ya fara gazawa, hannu yana rawa a kan zane. Da kansa ya ce wa A'i ta zo ta ɗauke shi, yanzu tashinsa ba zai zama shaidar komai ba. Nakan je Shagari in duba shi in na samu sarari. Zuwana na ƙarshe, 'yan makonni kafin rasuwarsa, na same shi a zaure a kishingiɗe, ya rame, rawanin ya yi masa yawa. Muka taɓa hirar kasuwa, ya tambayi wanda aka ba rumfarsa, ya ce in gaya masa ginshiƙin hagu gara ta ci shi, kada ya yarda da fentin da ke kai. Sai na yi masa tambayar da ta daɗe a raina. Na ce, "Ranar nan da ka ƙi hwaɗin suna, ka tabbata mutanen Dije ba su da hannu?"

Ya ce, "A'a."

Na ce, "Ba ka tabbata ba?"

Ya ce, "Ina zan tabbata? Dije na sani, ɗiyarta na sani. Samarin rugarsu ban san su ba. Duk kwanakin da nike zaune ba mai gaishe ni, ina tunanin ƙila ɓarawo nike rufa wa asiri, ƙila jinin mutumin can na bisa wuyana. Wanga ya hi jifa ciwo." Ya numfasa, ya gyara kwanciya. "Amma Tela, ban sani ba. Su ma ba su sani ba. Kuma akwai yara cikin bukkokin nan."

Wannan ce magana ta ƙarshe mai tsawo da muka yi.

An yi masa salla a Shagari bayan azahar. Jama'a ba su yi yawan da ya kamata ba, ba su kuma yi ƙarancin da na ji tsoro ba. Sarkin kasuwa ya zo duk da ciwon ƙafa. Ƙanen magidancin nan da aka harbe yana cikin waɗanda suka ɗauki makara, kuma bai bari an karɓe shi ba har bakin kabari. Ranar addu'ar uku muna zaune a ƙofar gida, sai ga mutane tafe a ƙafa daga wajen gari, maza da sanduna a kafaɗa, mata da ƙore a ka, yara a baya. Wasu daga cikinmu har sun fara miƙewa. Mutanen rugar Inna Dije ne, kusan dukansu, har da mazan da suka hana ta zuwa. Mazan suka ajiye sanduna nesa, suka zauna a ƙasa a gefen tabarma, suka yi fatiha. Tsohuwar ta tsaya a bakin zaure ta ce a kira mata A'i. Da ta fito, Inna Dije ta juya ta nuna mata yaran da ke tsaye a rana, ta ce, "Ɗiyata, dube su da kyau. Ban kawo su gaisuwa ba. Na kawo su ki gan su."

Ya Allah, ga bawanka Agali ya zo gare ka, baƙo ne a ƙasarmu, ba baƙo ba ne a wurinka. Kai ka san abin da ya rufe da abin da ya bayyana, ba a faɗa maka, gani kake. Ka gafarta masa kurakuransa, ka yafe masa tsananinsa, ka sa wuyar da ya sha a ƙarshen kwanakinsa ta zama kaffara gare shi. Ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi, ka tabbatar da harshensa wajen amsa tambaya, ka haɗa shi da Tamu da iyayensa a gidan rahama. Ka jiƙan magidancin da aka kashe a ƙauyen can, ka raya marayunsa, ka kawo mana ƙarshen wannan masifa da ta sa maƙwabci yana kallon maƙwabci a kaikaice. Ka ba A'i da mijinta da 'ya'yansu haƙurin wannan rashi, ka tsare su daga bakin mutane, ka sa albarka a bayansa. Mu kuma da muka saura, in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.